Masu saka Linux a waya, ku san inda fayilolinku suke kwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu masu koyon rubuta kod a waya, musamman na nan Jos da nake gani da idona, duk da nasan abun haka yake a Kano da Kaduna da Bauchi. Ni sana'ata gyaran waya ce a wajen Terminus, ɓangaren manhaja na fi ƙarfi, flashin da buɗe waya da dawo da abun da ya goge idan Allah ya sa mai dawowa ne.

Wani yayi ne ya shigo yanzu, yaro bashi da kuɗin laftof saboda kowa yasan yadda kuɗinta ya koma tunda dala ta tashi, amma yana da Tecno ko Infinix ko Redmi a hannu, sai ya sauke Termux, wata manhaja da ake rubuta wa umarni, ya ɗora Ubuntu ko Debian ko Kali a ciki, waɗanda duk nau'o'in Linux ne, wato tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wayar ta zama tana ɗauke da tsari biyu, Android ɗinta na asali da kuma Linux a gefe. Wallahi abun yana burge ni kuma bana hana kowa, ɗaliban Jami'ar Jos daga Naraguta da Bauchi Road suna yi, yaran da suka shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 lokacin Dakta Bosun Tijani suma da yawansu da waya suke fafatawa, har 'yan sakandire daga Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare suna yi. Matsalar ita ce masu koyar da su a TikTok da YouTube iyakarsu su nuna yadda ake sakawa, baƙin allo ya fito rubutu yana gudu, tambarin dodon Kali ya bayyana, a ɗauki hoto a saka a sitatus, shikenan darasi ya ƙare. Babu mai tsayawa ya ce musu ga inda aikinku yake zama, ga hanyar da fayil zai bi ya fito daga Linux ya shiga wayar, ga abun da in kuka taɓa komai ya tafi. Sai an yi ɓarna sannan a kawo mana waya shago ana cewa oga don Allah furojet ɗina.

Abun da ya kamata kowa ya fara ganewa shine Android kanta a kan zuciyar Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, shi yasa ma ɗora Ubuntu a kanta baya wahala. Amma Android tana da wata doka, kowace manhaja tana da nata wurin da babu wadda ke leƙa na wata. Ka ɗauke shi kamar gidan haya irin namu na cikin gari, kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa, sannan ga tsakar gida da kowa ke shanya. Termux ɗan haya ne, ɗakinsa shine /data/data/com.termux, kuma duk Ubuntu ɗin nan da kake taƙama da shi da duk abun da ka rubuta a cikinsa a cikin wannan ɗakin suke. Tsakar gidan kuma ita ce inda hotunanka da Download da waƙoƙi suke, sunanta na gaskiya /storage/emulated/0, wasu wuraren kuma za ka ga an rubuta /sdcard, kar sunan ya ruɗe ka ba mimorin da ake sakawa ake cirewa bane, ma'ajiyar cikin wayar ce, sunan ne kawai ya rage tun zamanin da. To ranar da ka cire Termux ko ka shiga saitin ka danna share bayanan manhajar, Android zata kwashe ɗakin nan tas, bata tambayarka ko akwai abun da kake so, kuma babu kwandon shara da zaka je ka tono.

Kuma hanyoyin da hakan ke faruwa sun fi yadda mutum yake zato. Waya ta cika ta fara nauyi sai yaro ya shiga jerin manhajoji ya ga Termux ya cinye giga da yawa, ya danna sharewa yana zaton tarkace ne. Ko ƙaninsa ya karɓi wayar yana son saka gem babu fili ya cire abun da bai gane ba. Ko kuma wadda ta fi yawa, ya sauke Termux daga Play Store, daga baya a gaya masa ai na F-Droid, wani shagon manhajoji, ko na GitHub, shafin ajiye kod, shi ne mai kyau tunda na Play Store an daina sabunta shi a 2020 ya daɗe a haka saboda dokokin da suka zo da Android 10, to shi kuma sabon baya hawa kan tsohon domin sa hannun da ke kansu ba ɗaya bane, dole sai ka cire wancan, yana cirewa kuwa aikin wata da watanni ya bi ruwa. Idan aka kawo min irin wannan gaskiya nake faɗa, wayoyin yanzu a kulle bayanansu suke da sirri, abun da ya goge daga wannan wurin ya tafi, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai dawo maka da shi ka riƙe kuɗinka.

Yanzu ga yadda ake buɗe hanya tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ba wani abu bane mai wahala. A cikin Termux kafin ka shiga Ubuntu ka rubuta termux-setup-storage, wayar zata tambaye ka izinin shiga fayiloli ka amince. Zai ƙirƙiro maka folda mai suna storage, a cikinta akwai shared wadda ita ce ma'ajiyar wayar gaba ɗaya, da downloads, da dcim inda hotunan kyamara suke, da sauransu. Waɗannan ba kwafi bane, hanya ce kawai da ke kai ka ainihin wurin, duk abun da ka ajiye a nan zaka buɗe manhajar fayil ta wayar ka gan shi, ka tura shi ta WhatsApp ko Xender. Idan da proot-distro, kayan aikin Termux na saka Linux, ka saka Ubuntu ɗin, shi da kansa yake haɗa maka /sdcard a ciki, sai dai in kai ne ka shiga da zaɓin isolated wanda aikinsa kenan ya rufe hanyar, kuma akwai zaɓin bind idan folda ɗaya tak kake son ta bayyana a wani wuri da ka zaɓa. Wani lokacin zaka ga an ce Permission denied alhali ka bada izini, sai ka je saitin ka cire izinin ka sake bayarwa, yawanci yana warwarewa.

Da yaro ya gano wannan sai ya ce to ai shikenan, bari in mayar da aikina gaba ɗaya cikin /sdcard in huta, kaga ko Termux ya goge aikina na nan. Tunanin ba laifi amma a nan ne ciwon kai na biyu yake farawa, kuma shi ne na fi son in tsaya a kansa domin ban taɓa ganin an yi bayaninsa da Hausa ba. Ma'ajiyar da kowa ke shiga ba a yi ta don aikin Linux ba, an yi ta ne don hoto da bidiyo da takardu. Linux yana ba kowane fayil alama, wane ne mai shi, wa zai karanta, wa zai rubuta, shin ana iya kunna shi a matsayin firogiram ko a'a, to a /sdcard waɗannan alamomin basa zama, ka rubuta chmod, umarnin canza su, sau nawa kake so babu abun da zai canza. Shi yasa wanda ke koyon yaren kod na C zai haɗa firogiram ɗinsa lafiya lau a cikin Download, ya zo kunnawa a ce masa babu izini, ya zauna yana duba kod ɗinsa layi layi yana zaton shi ne yayi kuskure alhali kod ɗin lafiyarsa ƙalau, wurin ne ba a kunna komai a cikinsa. Mai Python kuma sai ya ga nasa yana tafiya, domin shi Python ɗin yana can ɗakin Termux karanta fayil ɗin kawai yake, sai su fara musu da juna kowa na ganin wayar ɗan'uwansa ce ke da matsala. Amma shi ma mai Python ɗin ranar da ya zo yin venv, wato ware wa furojet wurin kayan aikinsa, zai tsaya, haka mai sauke kayan aikin kod da npm install, saboda dukkansu suna buƙatar irin mahaɗin nan da ake kira symlink wanda ma'ajiyar bata yarda da shi. Git mai ajiye tarihin canje-canjen kod ma yana yawan yin ƙorafi a wurin kan wane ne mai foldar. Sannan akwai wani ƙaramin abu mai ban haushi, a Linux fayil mai suna Aiki da mai suna aiki abu biyu ne daban, a ma'ajiyar waya kuma ɗaya ne, idan ka kwaso folda mai irin waɗannan sunaye ɗaya zai iya hawa kan ɗaya baka sani ba.

Don haka ni abun da nake gaya wa duk wanda ya zo shine, kayi aikinka a cikin Linux ɗin inda komai ke tafiya daidai, amma kar ka kwanta sai ka fitar da kwafi. Kuma ba kwafar foldar haka nan tsirara ba, ka dunƙule ta da umarnin tar tukunna ta zama fayil ɗaya, domin a cikin dunƙulen duk alamomin nan da mahaɗai suna nan yadda suke, sai ka ajiye dunƙulen a Download. Shi proot-distro ma yana da umarnin backup da zai dunƙule maka Ubuntu ɗin kacokan da duk abun da ka saka a ciki, da umarnin restore na dawo da shi, wanda ko ba don komai ba ya kamata mutum yayi don datar da ya ƙona wajen saukewa, kowa yasan data ta ƙara kuɗi a 2025. Kuma daga Download ɗin ma ya kamata ya bar wayar, a tura shi filash ta OTG, ko GitHub idan kod ne, ko wayar wani ɗan'uwa, domin wayar da aka fizge a cikin Keke ko ta faɗa ruwa da damina bata san bambancin wannan folda da waccan ba.

Masu mimori kuma ku saurara. Idan ka saka mimori a waya, Termux baya iya rubutu a ko'ina a cikinsa sai folda ɗaya da aka ware masa, Android/data/com.termux/files, kuma wannan foldar Android tana lissafa ta a cikin kayan manhajar ne, ranar da ka cire Termux ita ma zata tafi duk da a kan mimori take. Na ga waɗanda suka yi ajiya a nan hankalinsu kwance. Ka kwashe daga nan da manhajar fayil ka mayar wata folda daban. Sannan idan wayar ta tambaye ka ko ta mayar da mimorin ya zama ma'ajiyar ciki, abun da ya fara tun Android 6 a 2015, ka sani kulle shi zata yi da sirri ya zama ita kaɗai ke iya karanta shi, ka cire ka sa a kwamfuta ba zaka ga komai ba, wayar ta mutu mimorin ya zama sai dai fomat. Kuma ƙananan mimori da filash da yawa a tsarin FAT32 suke zuwa, wanda baya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, to dunƙulen Kali mai cike da kaya yana iya wuce haka, sai ka ga kwafi ya tsaya a hanya, maganin shine exFAT idan wayarka tana karanta shi.

Akwai ɓangaren da ya fi tayar min da hankali, Malam Edita, shine hanyar nan da ka buɗe ba shiga kawai ake yi ba har fita. Daga lokacin da ka ba Termux izini, duk wani abu da ka kunna a cikinsa yana iya karanta hotunanka da takardunka da bidiyon iyalinka, yana iya goge su, yana iya tura su wani wuri idan data a buɗe take. Yaranmu kuma sun iya kwaso umarni daga guruf na Telegram, wai wannan na kutse a Facebook ne, wannan na samun data kyauta ne, su liƙa su danna basu karanta ko layi ɗaya ba. Wanda ya rubuta abun baka san shi ba, baka san ƙasarsa ba, ka miƙa masa hoton katin NIN ɗinka da risit ɗin banki da ke cikin sikirinshot. Haba. Ko babu mugu ma, umarnin rm na goge fayil idan ka kuskure ka nuna masa shared ko /sdcard ainihin hotunanka yake gogewa, ba ya bi ta kwandon da manhajar hotuna ke ajiye abu na wasu kwanaki. Ni shawarata ka ware folda ɗaya ka sa mata suna ko Gada ko Musaya, ta nan kaɗai kaya ke shiga su fita, kuma duk abun da baka yarda da shi ba in dole sai ka gwada, ka shiga da isolated.

Wani abun da ke ɓata wa mutane lokaci shine neman fayil ɗin da malami ya turo ta WhatsApp. Da can foldar WhatsApp tana fili, amma tun da Google ta tsaurara dokar ma'ajiya, ta fara a Android 10 a 2019 ta tilasta a Android 11 a 2020, sai foldar ta koma Android/media/com.whatsapp, ka bi ciki har WhatsApp Documents, kuma tunda akwai tazara a sunan sai ka sa shi cikin alamar zance in ba haka ba Linux zai ɗauka abu biyu kake nufi. Ita kuma Android/data ta sauran manhajoji an rufe ta, kar ka wahalar da kanka. Mafi sauƙi ka buɗe manhajar fayil ka kwafi abun zuwa Download ka ɗauka daga can. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Termux yana bayyana a jerin wuraren da ke gefe idan wata manhaja ta buɗe maka zaɓen fayil, don haka editocin kod irin su Acode suna iya buɗe foldar gidan Termux kai tsaye kana gyara rubutu da yatsa ba sai ka sha wahalar nano, editan cikin baƙin allo, ba.

Waɗanda Allah ya hore wa laftof suka raba ta biyu Windows da Ubuntu, nasu mai sauƙi ne. Ka jona waya da kebul, ka buɗe kullen allon, ka ja sanarwar sama ka canza daga caji zuwa tura fayil. Idan shiru, kafin ka zargi Ubuntu ka canza kebul ɗin, da yawan na bakin titi na caji ne kaɗai basa ɗaukar data. Kuma kar ka yi mamaki wayar bata fito kamar filash ba, tun wajen 2011 Android ta koma wata hanyar tura fayil mai suna MTP, domin a tsohuwar hanya sai wayar ta saki ma'ajiyar gaba ɗaya kafin kwamfuta ta kama, tsari biyu basa riƙe faifai ɗaya lokaci guda ba tare da sun lalata shi ba. Dalilin nan ne ma yasa idan aka kashe Windows alhali Fast Startup, zaɓinta na saurin tashi, yana kunne, Ubuntu zai ƙi rubutu a ɓangarenta, domin bata saki faifan da gaske ba barci kawai tayi, sai ka kashe wannan zaɓin a saitin wuta na Windows. MTP yana da jan ƙafa idan ƙananan fayiloli ne masu yawa, nan ma dunƙulewa ce mafita. In babu kebul ka kunna hotspot ka yi amfani da LocalSend ko KDE Connect, basa buƙatar intanet, ko daga Termux ka shiga foldar da kake so ka rubuta python -m http.server 8080 ka buɗe adireshin wayar a burauzar laftof, amma ka kashe da ka gama domin duk wanda ke kan hotspot ɗin zai iya gani.

Google ma ta fara saka manhajar Linux tata mai ɗauke da Debian a wayoyin Pixel a 2025, amma mu nan masu Pixel nawa ne, Termux ɗin dai shi ne namu zuwa wani lokaci.

Roƙona gare ka Malam Edita shine shafinku na kimiyya da fasaha ya ɗan rage labarin sabuwar waya ta fito ga farashinta, wanda yawancinmu kallo kawai muke, ku samu wani ko sau ɗaya a wata ya riƙa rubuta irin wannan bayanin da Hausa, da hoton allo mataki mataki. Masu cibiyoyin koyar da kwamfuta na Jos da Bukuru kuma, idan kun san ɗalibanku da waya suke aiki, darasin fitar da kwafi ya zama a makon farko kafin a rubuta ko layi ɗaya na kod, kuma ku sa kowa ya gwada dawo da kwafin a gabanku a wayar abokinsa, domin akwai masu dunƙule foldar da babu komai a ciki su ajiye suna murna. Idan kun buɗe filin a shirye nake in riƙa turo muku tambayoyin da ake kawo mana shago da amsoshinsu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Terminus, Jos, Jihar Filato.